Shukar Ranar Lahadi a Gonar Baba Mele

Ruwan farko na daminar 1935 ya sauka a Gure da asubahin wata Lahadi, ina da shekara tara ko goma. Kafin rana ta ɗaga gari ya watse. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallon maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara na biye da su da ƙoren iri, kowa na sauri kamar ana korarsa. Rairayin ƙasarmu ba ya riƙe laima. Wanda bai yi shuka a ranar ba sai ya jira wani ruwan, shi kuwa ba wanda ya san ranar zuwansa. Gidanmu ne kaɗai ba a motsa ba.

Mu kaɗai ne Kirista a unguwar. Mahaifina kafinta ne a bariki, a Damagaram ya karɓi bangaskiya kafin aiki ya kawo shi gabas. Babu majami'a, a zaurenmu muke sujada a kan tabarma ɗaya, mu rera 'yan waƙoƙin da muka iya, Baba ya yi karatu yana bin layi da yatsa. Tun Asabar Inna take daka, ta cika randuna, ta tuƙa tuwon da za mu ci ɗumame. Ran Lahadi ba langa, ba gangarawa kwari wajen lambuna, ko allon lakwal, wato makarantar boko, ba a taɓawa. Ni kuwa na fi kowa tsananta wa kaina. Idan ƙarangiya ta kama mini riga sai in tsaya ina tunani ko cire ta aiki ne. Na taɓa kora akuya daga bakin rumbu, na yini ina tsoron na ɓata ranar Ubangiji.

Muna tsakiyar waƙa muka ji sallama. Ya Fanna ce, matar maƙwabcinmu Baba Mele, wanda kurkunu ya kwantar, ƙafarsa ta kumbura ko tsayuwa ba ya yi. Ba su da ɗa a gida, ita kuma tsufa ya kama ta. Ba ta roƙi komai ba. Aron wuta ta ce ta zo, sai dai ƙwaryar irin gero na hannunta, ta manta ba ta ajiye ba. Kowa a gari yana kan tasa gonar, gayya kuwa sai bayan ƙasa ta bushe. Hannun da ba shi da aiki a ranar namu ne kawai.

Baba ya ƙarasa waƙar, ya yi addu'a, sannan ya shiga ya ɗauko sungumi. Na riƙe masa riga na ce, "Baba, yau fa Lahadi ce." Ya dube ni ya ce, "Na sani, Dauda. Wanda ya ba mu Lahadi, shi ya ba mu maƙwabci. Karɓi ƙwaryar."

Shuka ba ta yiwuwa da mutum ɗaya: wani na sara rami, wani na bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Haka na bi shi, tudu bayan tudu, da farko ina jefa iri ina neman gafara a zuci, ina ɗaga kai ina duban sama. Da rana ta take ƙafafuna sun saba, har na tsinci kaina ina amsa waƙar da Baba ya ɗauko, wadda muka rera a zaure. Masu wucewa na yi masa tsiya, "Kafinta, yau kuma an ɗage hutun ne?" Shi dai dariya yake, bai fasa sara ba.

Tamu gonar tana kan hanya, mun wuce ta da safe, mun wuce ta da yamma, Baba bai sa mata sungumi ba. Sai Litinin muka shuka ta, ƙasa ta fara shan iska, rabin irin bai fito ba, muka sake bi bayan ruwa na biyu. A shekarar tuwonmu ya yi ƙaranci, ban kuma taɓa jin ya yi gunaguni ba. Geron Baba Mele kuwa ya tashi baƙi ƙirin, da kaka ya girbe abinsa da ƙafarsa, yana ɗingishi.

Yanzu inda nake zaune muna da majami'a mai rufin kwano, da ƙararrawa, da tsarin sujada wanda ba a tsallake layi. Har gobe ni mai yawan damuwa ne, na kan isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Amma idan ƙamshin ruwan farko ya taso, zauren nan nake tunawa, da bayan Baba yana tafe a gabana cikin jiƙaƙƙen rairayi. Ban taɓa kiyaye wata Lahadi kamar wannan ba.