Tsumman da Ba Ya Cikin Takarda

Ranar da na ɗaura wa motata sabuwar turbo a tsakar gidana ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa iyalina sun daina tuna mini, balle ma ba su daina ba.

Motar tsohuwa ce mai shan gas. Duk lokacin da ta doshi hawan Doguwa sai ta kama nishi, 'yan acaɓa suna wuce ni. Ana haka ƙanwata ta haihu a can, suna ranar Asabar da safe. Na yi wa Inna alkawari da bakina: ni zan kai ta, ni zan kai ragon sunan, za mu tashi daga Kiru ranar Juma'a da la'asar mu kwana can. Na je Kano na sayo turbo wadda ta fi tsohuwar girma, wato na'urar da ke cusa wa inji iska. Wani makanike a Kwanar Dangora ya ce in kawo ya ɗaura. Na ƙi. Na taɓa ganin yadda yake watsar da notuna a ƙasa.

Ni mutum ne mai tsari. Na rubuta aikin a takarda, mataki goma sha huɗu, na shimfiɗa tabarma, na jera kowane noti da lambarsa. Da na cire bututun iska sai na ga kaji suna tono kusa da ni, na karɓi tsumman sauke tukunya a hannun maiɗakina na toshe bakin bututun, kada ƙasa ta shiga. Wannan dabarar a take ta zo mini, ban rubuta ta ba.

Washegari Juma'a, ina mataki na goma sha ɗaya, maiɗakina ta leƙo.

"Malam, dama..."

"Na sha gaya miki, in ina aiki ba a sa mini baki."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma madafa.

Bayan an sauko daga masallaci na murza makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta fesa baƙin hayaƙi har ragon ya tsinke igiya, sannan ta mutu. Na duba takarda: duk goma sha huɗun na yi musu alama. Na duba mai, na duba batir, na sake karanta takarda daga farko. La'asar ta wuce. Inna tana zaune a kan jakarta da mayafi, tana kallona.

Da rana ta yi ja, sai ta juya wajen surukarta. "Ke 'yar nan, tun ɗazu bakinki yake motsi. Mene ne?"

"Inna, tsummana nake so in tambaya. Tun jiya da ɗankwali nake sauke tukunya."

Nan take na tuna inda na cusa shi. Na ɗauki sifana na kwance bututun. Ga shi nan ya cushe a lanƙwasa, saura kaɗan ya isa fankar turbo ya kashe mini kuɗina. Na zaro shi, motar ta tashi da bugu ɗaya. Amma magariba ta yi, kuma mai hankali ba ya shiga dajin Falgore da duhu.

Da asuba muka kama hanya. Motar ta haye tudun nan kamar ana tura ta, sai dai mun tarar an raɗa suna, an yanka ragon maƙwabci da aka ranto. Namu muka biya da shi. Inna ta sauka tana gaya wa dangi, "Ku yi haƙuri, ɗana yana mataki na goma sha biyar ne."

Tun daga ranar na gane takarda abin da ka rubuta mata kaɗai ta sani. Har gobe ina aiki da tsari, amma in wani ya ce "dama", sai in ajiye sifana in ji ƙarshen maganar.