Malamin Allura a Zauren Malam Sodangi

A garin Isa an fi tuna shi da ranar da ya shiga zauren karatun Malam Sodangi da takalmi a ƙafa, hula a hannu, domin a majami'arsu kai ake tuɓewa. Malamin allura ne da hukumar En'e ta kawo daga Numan, Kirista, dogo, mai tafiya kamar yana tsoron taka ƙasar mutane. Shi da matarsa suka roƙi a bar su su ji yadda muke karanta labarin Annabi Musa.

Yanzu yakan zauna a gefen tabarma ya kasa kunne. In an ba shi goro, sai ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Wai azuminsu ya kama, ya bar goro sai bikin Ista, amma yana gudun a ce ya raina kyautar malam. Da na ga yadda yake haɗiyar yawu, na yarda azumi ne.

Jiya Labbo mai kilishi ya tsokane shi: "Malam, yau mi za a tuɓe, kai ko ƙafa?"

Ya ce, "Duka biyu, Labbo. Ni baƙo ne, ban san ta inda Ubangiji yake fara dubawa a garinku ba."