Falmaran Mai Kujerar Kanta

Da azahar mamak ɗinmu, gidan abincin unguwar Wangsa Maju a nan ƙasar waje, ya cika maƙil, ga wani nan zaune, ƙato mai furfurar gemu, tumbi ya riga shi isa tebur. Ɗan gida ne, don da Hausa yake shelanta wa wani a waya cewa jiya ƙungiyar masu babura ta karɓe shi, bayan shekara guda yana goge baburan manya. Falmaran ta fata da suka ba shi, mai tambarin damisa a baya, ya shimfiɗa ta a kujerar gefensa. Dokarsu, wai, rigar ba ta taɓa ƙasa.

Ga wata mai tsohon ciki tsaye da faranti, ta dafe ƙugu. Yana ganinta, sai ya ƙara gyara wa rigar zama.

Na ce, "Alhaji, baƙuwar taka me za ta ci? In sa a kawo mata shayi?"

"Malam, ba ka san darajarta ba ne."

Na ce, da salon 'yan garin, "To saka ta mana, lah!"

Ya saka a wannan zafi, gumi na tsiyaya. Matar ta zauna.

Shekara guda ana koya masa girmama fatar saniya, ba a iso darasin mutum ba.