Gwaggo Inno da Dawar Gangara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 11 ga Disamba 2024, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Inno mai kunun tsiro, yayar mahaifina, a gidanta na Sabon Birni. Mun yi kuka, Gwaggo, amma wallahi duk wanda ya zauna zaman makokinki sai da ya yi dariya, don ba a iya ba da labarinki da fuska a ɗaure.

Sana'ar ba ke kinka fara ta ba. Kakarku ce ta fara a ƙauyenmu Gangara, ta bar wa mahaifiyarku, ita kuma ta bar miki randar da hannun. Dawa iri ɗaya kuke amfani da ita, jar dawar gonar gidanmu, ba a gauraya ta da gero ko shinkafa. Ki jiƙa ta, ki shimfiɗa a inuwa, ki yi ta yayyafi har ta tsiro, sannan ki busar da ita bisa hayaƙin kalgo. Sukari kuwa bai taɓa shiga randarki ba. Kurɓar farko zaƙi ne mai sanyi, sai ƙamshin hayaƙi ya biyo, citta da kanumfari kuma su tsaya maka a maƙogwaro har ka isa gida. Direbobin hanyar garin Isa kan riƙe fasinja a rana don su cika gora, a yi ta zaginsu ba su ji.

Ba ki bari kunu ya kwana. Abin da ya rage da la'asar sakaliya sai ki raba wa maƙwabta. Da Malam Dalhatu, limamin unguwa, ya roƙi a ajiye masa na gobe, kinka ce, "Allah gafarta Malam, wanga in ya kwana, kai da kanka za ka hana shan shi bisa mumbari." Malam ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara munka dawo birni, mutane na ɗaukar katifa da awaki, ke kuwa ƙullin irin dawa kinka ɗaure a ƙugu. Shi kaɗai ya rage, in ya ƙare kunun gidanmu ya ƙare. Kin gwada dawar kasuwa sau ɗaya, kinka kurɓa, kinka tofar, kinka kife randa. Masu saye sun yi ta sintiri, ɗanki Mas'ud ya ce ki jiƙa rabin ƙullin kawai. Kinka ce, "Mas'udu, wanda ya ci iri ya ci gobe tai. Tashi ka ba ni wuri."

Ni kinka danƙa wa ƙullin bana, na shuka a gonar aro bayan gari. Kai, na sha faɗa! Ciwo ya kwantar da ke, amma kullum sai kin aiko a tambaye ni ko na yi noma, ko tsuntsu ya sauka. Ni kuwa tsoro ya cika ni, kada baƙuwar ƙasa ta sauya wa dawar ɗanɗano, kada kuma ki tafi ba ki gani ba.

Cikin ikon Allah ta nuna. Sadiƙa, matar Mas'ud, ta yi tsiron, kina kwance kina ba ta umarni ta taga. Da anka kawo miki ƙoƙon farko, kinka karɓa. Kinka kurɓa, kinka lumshe ido, kinka ce, "Ita ce. Citta dai ta yi yawa." Sadiƙa ta fashe da kuka da dariya tare. Sai kinka dube ni.

"Is'haƙa, kun ware iri?"

Na ce mun ware, har mun ba mutanen Gangara nasu.

"To, alhamdu lillahi. Ni na gama nawa."

Ba ki ƙara tambayar kowa komai ba, Gwaggo, har Allah Ya yi ikonSa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga Mas'ud da Sadiƙa, da dangi na Gangara, Sabon Birni da Isa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshe.

Ɗanki, Is'haƙa Lauwali Gangara