Gayyatar da Ba Ta Isa Hashimi Ba

Shekarun baya kaɗan, lokacin bikin jikata, saura ƙiris kwamfuta ta raba ni da aminiyata. Ni ban yi boko ba, yanzu ma faɗa nake ana rubuta mini, amma labarin nan ba wanda ya kai ni saninsa.

Jikar nan tawa a Abuja take aiki, aikinta rubuta wa kwamfuta umarni. Da biki ya matso na sa aka sayo goro da alewa, na ce zan zaga gida-gida kamar yadda na yi a auren uwarta. Ta ce, "Hajiya, da wannan gwiwar? Ki yi magana sau ɗaya a waya, ni zan sa muryarki ta shiga wayar kowa." Na gyara zama na zuba gayyata, har da ɗan kirari. An ce kamar a rediyo. Ni ma na san ta fita.

Mata suka yi ta kira, daga unguwar Magajiya a nan Suleja har garin Lambata. Mutum ɗaya ce shiru, aminiyata ta unguwar Hashimi da kowa ke kira Goggo. Tun muna da ƙarfi muke suyar waina tare a bakin tasha. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma a bayanta jikar nan ta yi wayo. Na ce ai ita ta gida ce, ba sai ta kira ba.

Ranar sa lalle babu Goggo. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na hau keke mai ƙafa uku na same ta tana tsintar shinkafa.

"Ƙawa, lafiya? Gida cike da jama'a ke kina nan?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Na ji muryarki a wayar maƙwabciyata, ta yi daɗi. Ai biki na masu 'ya'ya ne."

Wallahi gara a ce marina ta yi.

Na koma gida ina huci, na tarar da amarya an ɗaure mata ƙafafu a leda, lalle bai bushe ba. Na faɗa mata abin da Goggo ta ce, na sa aka ajiye mata kwamfutar a cinya. Ta duba, ta duba, sai ta yi salati.

Ashe kowace lambar waya wuri nata ta yi mata da suna, kamar kwanuka a jere cikin kabad: Maman wane, Maman wance. Kun san Suleja, Bahaushiya da Bagwariya da 'yar coci duk haka ake kiransu. To maimakon ta kira kowane kwano da sunansa, sai ta ba injin sunayen 'ya'yan, ta ce ya manna "Maman" a farko, ya je ya buɗe kwanon da ke da sunan da ya haɗa. Lambar Goggo tana nan a kwanonta, an rubuta Goggo. Amma babu sunan ɗan da za a manna, don haka ko murfin ba a taɓa ba.

Na ce, "Shi injin bai ce miki ga kwano ɗaya a rufe ba?"

"Ba ya faɗa sai an tambaye shi, Hajiya. Ogana ma ya sha hana mu haɗa suna haka. Da na zuba lambobin wuri ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ba wadda za a tsallake. Sauri nake. Bari in tura mata yanzu."

"Ki tura me? Tashi!"

Ƙawayenta suka yi caa, wai amarya ba ta fita da lalle. Na ce yau za ta fita. Da ledar a ƙafa na tura ta cikin keke, mai keken yana waigowa yana, "Mama, hope say lafiya?"

A ƙofar Goggo ta durƙusa tana kuka, tana bayanin kwano da murfi. Goggo ba ta ji ko ɗaya ba, ƙafafun take kallo.

"Wace marar hankali ce ta fito da amarya da ɗanyen lalle? Dubi yadda ya dame!"

Na ce ni ce. Ta ce dama ta sani. Ta jawo kujera, ta kwance ledar, ta shiga gyarawa tana faɗa. Jikata ta ce, "Goggo, zan canja. Zan rubuta Maman, in sa sunana a gaba."

Goggo ta tsaya. Na ga idonta ya cika, amma ta ce, "Ki bar mini sunana. Tun ba a haifi uwarki ba nake Goggo. Injinki ne zai koya."

Ita ta kai amarya ɗakinta, ni ina biye da su.

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Yaran nan da wayonsu, sai su gina hanyar da kowa zai bi, su manta da wadda ba ta yi kama da kowa ba, injin kuma ya yi gum. Bana jikar ta haihu. Ta ce za ta tura gayyatar suna, wai ta gyara komai. Na ce ta tura wa duk wanda ta ga dama. Na ɗauki gorona da sandata, na fara da Hashimi.