Gado Mai Dogayen Ƙafafu

Saltanat tana jiran motar zuwa garin Narin a bakin ƙauye, amma hankalinta yana kan wata mata da ke aiki cikin tsohuwar tirela irin ta makiyaya. Matar siririya ce, furfura ta leƙo daga ɗankwalinta, ta naɗe hannun wata babbar rigar sanyi ta maza. Tana cusa gashin tumaki a jikin bangon ƙarfe, tana rufewa da katako, tana dukan kowace ƙusa kamar ta san sunanta. Mai irin wannan shiri ba ta da niyyar tashi ko ƙanƙara ta sauko.

Gadon da ta haɗa na mutum ɗaya ne, ƙafafunsa dogaye har ya kai tagar da ke kallon wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Saltanat ta raya a ranta cewa rigar ta marigayi mijinta ce, gidan kuma a da na matar ne.

Wani mai tumbi ya fito daga gidan, ya tsaya nesa.

"Haba matar Yaya, duk faɗin ƙauyen nan sai ƙofata? Wannan gado ai sai da tsani!"

Ba ta ajiye guduma ba. "Ƙofarka? Yayanka ne ya kafa ta, ni na yi mata fenti. Kullum ka buɗe ta, da fuskata za ka karya kumallo."

Ya waiga, ya ga masu jiran mota sun zuba masa ido. Ya koma ciki da sauri, har takalminsa ɗaya ya zame a waje.