Turaren da Aka Juye wa Yaya Tanimu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Tanimu, malamin kimiyya, mutumin da ya mai da hancina gonar gado. Bincikensa a kan sinadaran da ke tayar da jin ƙamshi ne. A cewarsa, can cikin hanci akwai 'yan ƙofofi ɗaruruwa, kowane sinadari da wadda yake buɗewa, kuma ba kowa Allah Ya ba su duka ba. Ni dai an cika mini mudu. Ina zaune a Gangaren Tudu nakan san mai tsiren Sabon Gari ya yi rowar yaji.

Yakan kira ni ɗakinsa, ya miƙo kwalba ya ce, "Shaƙa, sarkin surutu." Akwai wata 'yar ƙarama, ruwanta garau, wadda duk unguwa ba mai jin komai a cikinta sai ni da shi. Ƙamshinta kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi, da ɗan zaƙi a ƙarshe.

Ranar jana'iza, dattijon da ya yi masa wanka ya shiga ɗakin Yaya neman turaren shafa wa likkafani. 'Yar kwalbar nan ya ɗauko. Ya ɗiga, ya sunsuna, bai ji komai ba, sai ya juye ta kaf yana cewa, "Kai, turaren 'yan boko! Sai kyan kwalba." Ƙamshin ya kusa kayar da ni a sahu. Sauran jama'a ko a jikinsu.

Da korona ta zo, hancina ya yi murabus. Yau ko buhun daddawa aka aza mini, sai in ɗauka auduga ce. Wannan ƙamshi ɗaya ne bai tafi ba. Da farko a maƙabarta nake jin sa, in na je ziyara. Daga baya ya tare ni cikin keke mai ƙafa uku a Tudun Ƙofa, rana tsaka, har na waiwaya na kalli kujerar da ba kowa. Bara ya iso zaurena.

Da Yaya na nan, da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke ƙaga wa kanta ƙamshi. Na yarda. Amma zan so ya gaya mini me ya sa abin yake matsowa.

Matata kullum tana cewa, "Baban Hafsatu, don Allah mu je asibiti a duba hancin nan." Sai in kawo mata labarin siyasa. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba: likita ya ce ba hanci ba ne, ko ya yi mini magani in rasa abin da ya rage mini na ɗan'uwana. Kwalabensa an zubar, ɗakinsa ɗalibai ke haya, ko sunansa ba su sani ba.

Makon jiya bayan azahar na ji ƙamshin a wuyan rigar da aka karɓo mini daga wajen mai guga. Na yi wa Yaya addu'a, na yi wa kaina. Asibiti dai ban je ba, kuma rigar ce a jikina yanzu.